Guguwa da Hawan Asibiti

Mijin Yayata bakanike ne, kuma duk layin gareji babu wanda ya san shi da wani suna in ba Guguwa ba. Ni ma haka nake kiransa, a gabansa da bayan idonsa, tunda ƙanwar mata ba a raba ta da tsokana. Shi kuma Auta yake ce mini har yau, ga furfura ta fara leƙowa ta ƙarƙashin ɗankwalina. Tun da Yaya ta rasu mutane ke tare ni a hanya suna tambayar yadda aka yi, wasu har su ce wai mota ce ta kashe ta. Maganar tana ɓata mini rai, don ba haka ba ne, amma kuma ba zan iya rantsewa cewa babu ƙamshin gaskiya a cikinta ba. Ina cikin motar, saboda haka gara a ji daga bakina.

Gajere ne mai faɗin ƙirji, ga yatsu kakkaura da baƙin mai ya shige su har sabulu ya haƙura. Tun yana ɗan saurayi yake ƙarƙashin mota. Ya fara da wankin noti a kwano, ya bi ta kan burki da giya, daga ƙarshe ya zo kan turbo ya kafe, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Garejinsa ɗaki ɗaya ne mai ƙofar ƙarfe, da rami a tsakiya, da murhun da ya yanka daga tsohon duro. Jikin bango kuwa turbo ne rataye reras, manya da ƙanana, kamar katantanwa. Wata rana don neman magana na tambaye shi amfanin wannan tarkace.

"Fanka biyu ce a jikin sanda ɗaya," in ji shi. "Hayaƙin da zai fita ta salansa shi yake juya ta farko, ta biyun kuma ta ɗura wa inji iska. Inji da iska kamar ke da surutu ne, Auta. In aka rage miki, ba ki da sauran ƙarfi."

Yaya, wadda ta kawo masa abinci, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa na ce bashi ya ci, zan rama.

Sunan nasa a kan hanya ya same shi. Unguwarmu a kwari take, asibiti kuma yana can bisa tudu, tsakaninsu doguwar hanya mai hawa da lanƙwasa wadda kowa ke ce wa hawan asibiti. In Guguwa ya gama gyara ba ya miƙa makulli sai ya kai motar can, ya danna totur har ƙasa, turbo na busa siririyar busarsa, masu sana'ar bakin titi na janye teburansu suna tsine masa. Mai motar da ya ce sai ya bi shi, da salati yake sauka. Daga nan sai Guguwa ya tsayar da mutum ya yi masa wa'azin da na ji har na haddace.

"Abu biyu ke kashe inji mai turbo, lallaɓawa da gunaguni a tsaye. Kada ka kunna shi ka tafi shan shayi. Injin da ke gunaguni a tsaye gumi yake yi ta ciki, gumin nan kuwa ba ya fita sai an taka shi. Ka ɗan jira mai ya zaga, ka tashi, in ya yi zafi ka ba shi wuta."

Yaya ta taɓa bin sa gwaji suna sabon aure. Suna isa bisa ta buɗe ƙofa ta sauka, ta tako da ƙafa har gida, ta kwana biyu ba ta ce masa ci kanka ba. Bayan nan labarin ya zama abin dariyarta, duk baƙon da ya zo sai ya ji shi. Allah bai ba su haihuwa ba, sai ya bar musu juna. Ɗakuna biyu gare su a ƙarshen lungu, tagar ɗayan na kallon filin da yake ajiye mota, nan keken ɗinkinta yake. In ya dawo da yamma ya tarar ta ɗumama masa ruwa a roba, ya wanke hannu, ta duba ta ce bai fita ba, ya sake. Shi yana ce mata Uwargida, ita tana ce masa Maigida, kuma ban taɓa jin muryarsa ta hau kan tata ba, mutumin da in ya yi wa direba tsawa sai an ji a ƙarshen layi.

Ciwon ya fara da kumburin ƙafa. Kafin mu farga likita ya ce ƙodojinta sun gaji, sai dai wankin ƙoda, wato a riƙa jona ta da inji yana tace mata jini, ranaku sanannu a kowane mako, har iya rai. Aka ba ta layin safe. Masu jira sun fi injinan yawa, saboda haka in ka makara sai a ɗora wani, kai kuma ka koma jiran tsammani. Wanda ya tsallake ranarsa kuwa ruwa ke taruwa a jikinsa har numfashi ya gagara. Mun ga yadda hakan ta yi wa wani dattijo da muke zama benci ɗaya da shi, ba sai an yi mana bayani ba.

Bas ɗin haya ba ta shiguwa ga Yaya, matakinta ya yi mata tsawo, masu tasi kuma ba sa saukowa lungunmu da sassafe. Sai Guguwa ya samo wata tsohuwar ƙaramar bas mai shan dizal a hannun masu gidan burodi, fara, muka raɗa mata Fara. Ya sauke mata mataki, ya yi waldar mariƙi a bakin ƙofa, ya kwantar da kujerar gaba ya shimfiɗa bargo. Ni nawa wurin a baya ne, da fulas da 'yar roba ko da amai zai taso.

Tun da ciwon ya kama ta Yaya ta zama mai jin sanyi, ko iska ta kaɗa labule sai ta hau makyarkyata. To, nan Guguwa ya sake hali. Gari bai gama wayewa ba zai fita ya ta da Fara, ya kunna hita, ya bar ta tana ta gunaguni a fili, sai ya ɗora tafin hannu a kujera ya ji ta yi ɗumin gado sannan ya shigo ya ce Uwargida bismillah. A hanya kuma kamar mai ɗauke da ruwa cike da kwano, don ko ƙaramin rami ya taka sai ta cije leɓe. In mun isa, mu shiga ciki, shi ya zauna a mota inji na gunaguni har a gama, wai kada ta fito ta tarar da kujera ta huce.

"Yau Guguwa ta zama iskar mafici," na ce masa wata safiya da mai keke ya wuce mu.

"Sannu ba ta hana zuwa," in ji shi.

"Ƙarasa mana. Sai dai a daɗe ba a je ba. Kuma ina wa'azin naka na gunaguni a tsaye? Ko gwano ne ba ya jin warin jikinsa?"

"Wancan na motoci ne. Wannan ɗakin Yayarki ne."

Yaya ta juyo daga cikin bargo ta ce, "Auta, ki ƙyale mini miji." Na ƙyale shi, har ga Allah kuma abin ya burge ni.

Garinmu yana sanyi a lokacinsa, amma irin wanda riga mai kauri ke maganinsa. Na shekarar nan daban ne. Tsofaffi ma sun ce ba su taɓa ganin irinsa ba. Ruwan bokiti ya kwana ya zama dutse, famfon lungu ya ƙi kawowa, wankin da na manta a igiya na same shi a sandare. A makon ne Fara ta fara halinta.

Mun kai tsakiyar hawa sai na ji busar nan ta turbo, wadda kunnena ya saba da ita, ta ɗauke. Wata 'yar fitila mai ruwan ɗorawa ta kama a gaban Guguwa. Motar ba ta mutu ba, sai dai ta zama ba ƙarfi, tana ja da ƙyar, manyan motoci na danna mana oda ta baya. Ya sauke giya, ya sake saukewa, ina kallon jijiyar wuyansa ta miƙe. Muka isa a makare. Nas ɗin layin safe, wata doguwa mai tabarau, ta dubi agogo ta dube mu, ta ce yau dai ta riƙe mana wurin.

Da rana da muka gangaro, Fara lafiya lau, ko tari babu. Guguwa ya shigar da ita gareji, ya hura murhu don yatsunsa ba sa kama sifana a cikin sanyi, ya ja ƙofa. Ya bi duk tiyon da iska ke bi yana shafa ruwan sabulu ko zai ga kumfa, bai gani ba. Ya aro kwamfuta wurin maƙwabcinsa mai gyaran wuta, ta ce iskar da ke isa inji ba ta kai ba.

"Wannan ai ko Auta ta sani," in ji shi. "Abin da nake tambaya, a ina take tsayawa?"

Ya sake maɗaurin wani tiyo da ya ga ya ɗan saki, ya zaga unguwa da ita a hankali, ya dawo ya ce an gama. Ranar wanki ta zagayo, sanyi ya tsananta, a daidai lanƙwasar nan fitilar ta sake kamawa.

Haka muka shiga. Ya sake tiyo. Ya sake wani ɗan abu mai waya da ke auna iska. Ya sake wani mai buɗe wa hayaƙi hanya. Daga ƙarshe ya sauke turbo ɗin gaba ɗaya, ya juya shi a hannu, ya busa, ya saurara, bai same shi da laifi ba, amma duk da haka ya ciro mafi kyau a cikin na bango, wanda ya daɗe yana hana kowa, ya ɗaura mata. Kullum a ɗumin gareji Fara ba ta da ciwo, kullum da safe a kan hawa ciwon ya dawo. In rana ta ɗan yi sauƙin sanyi ta hau lafiya, sai ya ce wannan karon ya kama ɓarawon, mu ma mu yarda don muna so mu yarda.

Na tambaye shi me ya hana ya kai ta hawan ya yi mata irin sukuwar da yake wa motocin mutane.

"In na fasa mata wani abu, da me zan kai Yayarki gobe?" Bai ko ɗago daga cikin bonet ba.

Kada a ce taurin kai ne kawai, ko da yake yana da shi, wanzami dama ba ya son jarfa. Ya kira abokan sana'arsa sun duba, su ma a cikin garejin, kusa da murhu, kowa ya faɗi tasa ya tafi. Ya ari motar mai gyaran wuta sau ɗaya, wata 'yar guntuwa da hitarta ta mutu. Kafin mu isa Yaya ta yi amai, leɓenta ya yi fari, da ƙyar muka zaro ta daga kujerar. A hanyar dawowa ta ce, cikin muryar da ba ta saba yi da ita ba, "Maigida, ni dai Fara. Ko za ta yi rarrafe, ni dai Fara."

Nas mai tabarau ta ja shi gefe ranar da muka ƙara makara, ina jin su. "Baba, ba don na ƙi ku ba. Akwai mutane a benci tun duhu. In kuka sake makara zan ɗora wani, kuma zuciyar Mama ba za ta ɗauki tsallake ba. Ka san abin yi."

Ya ce ya sani. Bai sani ba, kuma abin yana cin sa. Ya daina karɓar aikin mutane. Ya rame, idanunsa suka faɗa, yatsunsa suka tsattsage har suna jini a kan ƙarfe. Ruwan da ake ɗumama masa a roba, wanda yanzu ni ke ɗumamawa, sai ya huce bai shigo ba. Yaya na kwance a gado kusa da taga, ƙafafu a kumbure, kunnenta na waje.

"Je ki ce ya zo ya zauna," ta ce mini wata yamma. "Ki ce motar ba gudu za ta yi ba."

Na je na faɗa, da ƙari a kai. Na ce matarsa na can tana kallon bango, shi yana nan yana shafa ƙarfe. Ya ce yana zuwa, saura kaɗan. Wannan saura kaɗan ɗin ita ce abin da har yau nake jin zafinta a raina, fiye da duk abin da ya biyo baya. A kwanakinta na ƙarshe Fara ta fi ta ganin fuskarsa. Na san don ita yake yi, na sani sarai, amma sanin bai rage mini haushi ba.

Safiyar da abin ya faru ta fi kowace sanyi. Ƙofar ɗaki ma sai da na sa kafaɗa ta buɗu. Guguwa ya ta da Fara tun da wuri fiye da kullum, ya bar ta ta yi ta gunaguni har gilashi ya yi gumi, sannan ya tallabo Yaya ya kwantar, ya ja mata bargo har haɓa. Muka kama hanya da sauran lokaci a hannu. Kowa kunnensa na kan busar turbo.

A lanƙwasar nan, inda babu gida sai doguwar katanga a hannun hagu da rami a dama, busar ta ɗauke. Fitila ta kama. Fara ta riƙa ja da ƙyar har ta kusa tsayawa. Na ga Guguwa ya dubi agogo, ya dubi Yaya, sannan ya yi abin da bai taɓa yi wa motar nan ba, ya danna totur har ƙasa. Ta yi wani irin tari, ta girgiza, ta mutu. Ya murɗa makulli, inji ya juya ya ƙi kamawa. Ya sake, ya sake, har batir ya fara nishi.

Hita ta tsaya da tsayawar inji. Ban san sanyi na shiga mota da sauri haka ba. Guguwa ya tuɓe rigar sanyinsa ya lulluɓa mata, ya fita da 'yar shara ya buɗe bonet. Ni na tsaya tsakiyar titi ina ɗaga hannu. Motoci na zuwa suna kauce mini, direbobi na nuna ƙasa da yatsa, don titin ya yi santsi, wanda ya tsaya a nan ba zai sake tashi ba. A lokacin na zage su tas, yanzu kuwa na san ba su da laifi. Na kira asibiti, aka ce motarsu ta fita wani wuri, mu jira.

Na koma na tarar haƙoran Yaya na haɗuwa. Na ce, "Guguwa, rufe bonet ɗin nan, babu abin da za ka gani a ciki."

Karon farko a rayuwarsa ya ji maganata ba musu. Ya zagayo, ya durƙusa a bakin ƙofa ya ba ta baya, na taimaka ta hau, na ɗaure su tare da mayafina. Mutum ne da ya ba sittin baya, ita kuma ruwa ya ƙara mata nauyi. Ya fara hawa, taku ɗaya-ɗaya, ina biye ina tallafe da ita, takalminsa na zamewa yana dafa katanga. Numfashinsa na fita kamar hayaƙi. Can na ji ta ce masa a kunne, da sauran tsokana a muryarta, "Yau ma a hankali, Maigida." Ya ce, "A hankali, Uwargida."

Maigadin asibiti, wani tsoho mai hular ulu da ya saba ɗaga mana ƙarfen ƙofa, shi ya hango mu ya rugo da keken marasa lafiya. Mun tarar an ɗora wani. Nas mai tabarau ta ga yadda muke, ta shiga ta fita har ta samo mata inji da yamma. Amma sanyin ya riga ya shiga ƙirjinta. Zazzaɓi ya rufe ta, aka kwantar da ita a wani ɗaki can ciki, kafin mako ya zagayo ta cika, hannunta a cikin nasa. Likita ya ce zuciyarta dama ta gaji, ko ba wannan ba da wuya ta ga ƙarshen sanyin. Ni na riƙe maganar likita don ina bukatarta. Guguwa ko kallonsa bai yi ba.

Abokan sana'arsa suka jawo Fara suka ajiye a filin gida, gefen da rana ba ta kaiwa. Duk kwanakin zaman gaisuwa bai dube ta ba, sanyin kuma bai sassauta ba. Bayan mutane sun watse na ce ina son bargon Yaya da ya rage a kujera. Da sassafe ne, na zo kawo masa shayi. Ya ɗauki makulli muka fita tare.

Ya buɗe ƙofar, sai ya tsaya. Gilashin gaba ya yi fari fat, kuma ta ciki ne, ba ta waje ba. Gumin numfashinmu na ranar nan ne ya daskare a jiki. Ya kai farce ya kankara, ya dubi abin da ya maƙale a farcen, ya daɗe yana dubansa. Na ga fuskarsa ta sauya.

Ya tafi gareji ya dawo da sifana. Bai tura ta ciki ba, bai hura murhu ba. Ya kwanta a daskararriyar ƙasa a gaban motar, ya kwance wani kakkauran tiyo can ƙasa bayan bamba. Na ji ya ce, "Miƙo hannunki, Auta." Ya ɗora mini wani curin ƙanƙara mai ruwan ƙasa, mai warin baƙin mai, girmansa ya cika mini tafi, ya yi siffar bakin bututun da ya fito daga ciki.

Ya zauna a ƙasa ya jingina da taya. Muryarsa ba ta rawa, gara ma a ce ta yi.

"Akwai wani ƙaramin lagireto a nan gaba, iskar turbo ke bi ta cikinsa ta huce kafin ta shiga inji. Gumin da nake faɗa wa mutane, nan yake taruwa. Da can ruwa ne, ya kwanta a ƙasa, iska ta wuce ta kansa. Bana sai ya daskare. Zafin inji ba ya kaiwa nan, ko ta wuni tana gunaguni. In na shigar da ita gareji na hura wuta, sai ya narke ya kwanta, in duba in ga ba komai. Ran nan da na taka, iskar ta turo shi ya toshe bakin gaba ɗaya."

Na ce, "To ai ba wanda ya taɓa ganin irin wannan sanyi."

"Sanyi bai kawo ruwan ba. Ni na tara shi. Kullum da safe, kullum a ƙofar asibiti. Abin da nake hana mutane." Ya dubi hannunsa. "Da ko sau ɗaya na duba ta a waje. Da ko sau ɗaya na yi mata abin da nake wa motar kowa."

Na zo da maganganu a cikina da na daɗe ina tanadi, na saura kaɗan da na ruwan da ke hucewa a roba. Ga shi a ƙasa, ga dama ta samu. Na neme su na rasa. Tausayinsa ya kama ni har na ji haushin kaina da nake tausayinsa, ƙanƙarar kuma na narkewa tana bin hannun rigata.

Ya ce in kawo ruwan zafi. Na juye masa butar shayin gaba ɗaya, na ɗora wata. Ya yi ta kwarara wa ƙaramin lagireton har wani ruwa mai yauƙi ya riƙa zuba a ƙasa, ya fi ƙarfin abin da na zata. Ya mayar da tiyo ya ɗaure, ya ɗauko wani batir ya jona. Fara ta yi tari ta kama. Ya ɗan jira mai ya zaga, kamar yadda yake faɗa a wa'azinsa, sannan ya ce in shiga. Na buɗe baya na zauna a wurina. Bargon na nan a kujerar gaba yadda muka zare ta daga cikinsa, ban iya taɓa shi ba.

Ya bi lungu a hankali har inji ya yi zafi. Muna kama gindin hawa ya danna totur har ƙasa. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe bayanmu, sai ga busar nan ta taso, siririya, tana ƙara tsini, bayana ya manne da kujera. Masu sana'ar bakin titi suka ɗago kai. Muka wuce lanƙwasar, muka wuce katangar da ya dafa, duk tsawon wurin da ya hau da ita a baya muka shanye shi kafin in gama jan numfashi. Fitilar ba ta kama ba. Ban taɓa sanin asibitin nan kusa yake haka ba.

Maigadi mai hular ulu ya taso da fara'arsa ya ɗaga ƙarfe, ya leƙo ta tagar Guguwa.

"Ashe Fara ta warke," in ji shi. "Tun daga ƙasa nake jin kukanta. Yaya mai jiki?"

Idonsa ya kai kan bargon, ya dawo kaina a baya, sai fara'ar ta ɗauke, hannunsa na riƙe da ƙarfen a sama. Guguwa bai shiga ba, bai kuma ja da baya ba. Hita na ta hura ɗumi a kan kujerar gaba. Ya miƙa tafin hannu ya ɗora a kai kamar yadda ya saba, ya ji ta yi ɗumi, sannan ya kashe motar.